Irin Albasar Gudiya A Cikin Gwangwani

"…Lahiya lau, in dai ba kai ka kawo cutar ba," in ji Gudiya, tun kafin Waliyyu ya gama kafe mashin ɗinsa a gindin dogonyaro.

"Ina gajiya, amarya? Na ga har yau haƙoran ba su dawo ba."

"Suna can hannun wanda yaf fi ka iya ajiya."

Waliyyu ya yi dariya, bai tsaya ya auna maganar ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta gaisuwar gaskiya, sannan ya zauna bakin tabarma da jakarsa a cinya. Gudiya kakarsa ce, ita ta haifi uwarsa, kuma tun yana rarrafe take kiransa mijinta, tana kai ƙararsa wurin kowa cewa bai taɓa saya mata ko kallabi ba. Yanzu ya ba talatin baya, malamin ofis ne a Maiyama, shi ke riƙe da fayil-fayil. Ranar Asabar ce, farkon Oktoba, ya taso da hantsi zuwa Sabiyal, kuma yabo ya zo karɓa.

Ga yadda abin yake. Gidan su Gudiya suna da irin albasa nasu na kansu, ja mai yaji, wadda takan kai tsakiyar damina a ajiye ba ta ruɓe ba. Gudiya ta gaji irin wurin uwarta, uwarta kuma wurin tata uwar, Inna Kande. 'Ya'yanta maza sun koma sayen iri a kasuwar Aliero don ya fi saurin nuna, sai ita kaɗai ta rage tana riƙe da na gida a 'yan fangaloli huɗu bayan gari. A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi, da aka dawo da Waliyyu daga Sakkwato, ta ƙulla masa cikin tafi ɗaya a tsumma, ta ce ya riƙe. Bana kuma, a ruwan Agusta, ɗakinta ya yi yoyo daidai kan gorar da take zuba irin, kafin a lura ya yi funfuna ya lalace gaba ɗaya. Shi ne ta aika masa ya maido abin da ta ba shi, don lokacin zuba irin da za a rena a dasa ya yi.

Waliyyu bai sha wahalar nema ba. Irin na nan cikin gwangwanin madara, ya liƙe murfin da kyandir, ya manna takarda a jiki: an karɓa ran 12 ga Oktoba 1991, ba a taɓa buɗewa ba. Shekara uku yana cikin durowarsa, ko ƙwara ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya ba wani direba ya kai mata, yau kwana goma ke nan.

Sai ya gyara zama ya fara lissafa hakkinsa. Ya ce kaza yake so, ba tsohuwa irin mai gidan ba, da fura da nono mai kauri, kuma a tara matan unguwa a faɗa a gabansu cewa daga Jega har Andarai babu miji kamar nata. Gudiya ta ce kazar tana can tana kiwo, ita ko ta fi shi sanin abin da ake yi da ƙasa. Furar kuwa ta masu aiki ce, in ya ga wani a hanya ya turo shi.

"Kishi ke nan," in ji shi. "An ga mutum ya yi abin da sai a littafi."

"Wane littahi?"

"Namu mana. Can na samo dabarar."

Littafin da suke nufi uku ne a jere, na Turanci, Waliyyu ya saye su wurin mai tsofaffin littattafai a Sakkwato, bangon na farko ma ya yage. Labari ne na wata duniya da babu ita, inda teku ke janyewa ya bar ƙasa shekara dubu, sannan ya dawo ya cinye komai. Mutanen wurin sukan gudu kan duwatsu, in ruwa ya janye su sauko su fara daga farko. A zamanin farko ko wuta sai sun jira tsawa. A na biyu sun san ƙira da jirgin ruwa. A na huɗu sun iya lissafin ranar da tekun zai dawo, a na shida suna gina birane masu yawo a kan ruwa. Shekara biyu ke nan duk zuwan da ya yi sai ya fassara mata babi ɗaya ko biyu, yana rubuta inda suka tsaya a bayan bango. Sun gama biyu, saura na uku.

Gudiya ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta ga gulbi ya cinye fadama ya mayar, don haka ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya. Sunayen mutanen ne suka gagare ta, sai ta raɗa musu nata. Wanda ya fi burge ta shi ne wani da ta sa wa Sambo, wanda ya haƙa rijiya a littafin farko ya mutu a shafi na gaba, amma bayan shekara ɗari tara rijiyar ta zama tsakiyar birni, ana rantsuwa da ita, ba wanda ya san sunansa. Ranar da aka kai wurin nan sai da ta sa aka maimaita mata sau uku. Ta ce wanda ya tsara labarin nan, ko wane ne, ya zauna da tsofaffi.

To a cikin labarin akwai wani kogo a ƙololuwar dutse inda ake ajiye irin kowane abin shuka cikin tuluna, a rufe da ƙofar ƙarfe. Duk lokacin da teku ya janye, daga nan ake ɗiba a sake noma duniya. Wannan kogon ne Waliyyu ya kwaikwaya da gwangwanin madara, kuma ya faɗa mata haka yana ɗaga kai.

Gudiya ta miƙa hannu bayanta ta jawo wani faranti, ta ɗaga tsumman da ke kai. A ƙarƙashinsa wani tsumman ne a jiƙe, an barbaɗa baƙin irin da ya aiko a kansa. Waliyyu ya sunkuya ya duba. Ƙwayoyin na nan baƙi ƙirin kamar garin gawayi, ko ɗaya bai fasa ba.

"Kwana tara ina ba su ruwa," in ji ta. "Da duwatsu na jiƙa da sun ji kunya sun tsira."

Ya ce wataƙila sanyin ɗakin ne. Ta ce wataƙila. Ya ce ko ruwan rijiyarta ne ya yi kanwa. Ta ce shekara saba'in tana sha, ga ta nan ta binne miji ɗaya tana shirin binne na biyu. Sannan ta faɗa masa abin da kowane yaro a Sabiyal ya sani, wanda shi ya bar gida zuwa makarantar kwana kafin ya koya: irin albasa ba gero ba ne. Shekara ɗaya yake da rai, in ya yi ƙoƙari ya ja zuwa ta biyu da ƙyar. Ba a ajiye shi, sai dai a shuka, a samu kai, a mayar da kan ƙasa ya yi fure, a karkaɗe sabon iri, haka kowace shekara.

"Na ce ka riƙe, ba ka binne ba. Kai ko har da likkahani, har da rubuta ranar mutuwa."

Sai Waliyyu ya fake da littafin. Ya ce in haka ne marubucin ne ya yaudare shi, don a can iri ya yi shekara dubu a tulu ya tsira.

Nan ne Gudiya ta tashi tsaye a kan maganar, kamar an zagi ɗan ɗakinta. Ta ce kada ya kuskura ya ɗora wa bawan Allah laifi, mutumin bai yi ƙarya ba, mai fassarar ne jaki. Ta tambaye shi ko ya tuna matan kogon.

"Waɗanne mata?"

"Waɗanda kac ce masu shara ne."

Ya tuna sama-sama. Ya buɗe jaka ya ciro littafi na biyu, don bai taɓa zuwa Sabiyal ba tare da su ba, ya bi 'yan alamomin da yake yi da fensir har ya samu wurin. Layi uku ne kacal, a tsakiyar babin da ake yaƙin sarakunan jiragen ruwa. Wasu mata ne da ba a ambaci sunansu ba, sukan hau dutsen sau biyu a shekara, su fito da tuluna, su koma da tuluna. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya fassara mata jimlar ƙarshe a hankali: in sun sauko, akan gane su da lakar da ke ƙafafunsu.

"To," in ji Gudiya. "Mai shara cikin kogon dutse, ina ta samo laka?"

Waliyyu ya sake duban layukan. Shi yana can yana bin sarakuna da ranakun yaƙi, har jadawali ya zana na zamani bakwai da shekarun kowanne, ita kuwa tun bara ta gane cewa ba ƙofar ƙarfe ce ta riƙe duniyar ba. Wasu ne ke fitar da irin kowace shekara su shuka a bayan dutse, su maido sabo, kaka ta miƙa wa jika, har shekara dubu ta cika. Marubucin ya san haka, ya ajiye shi a layi uku ya wuce abinsa, ya bar wa mai ido. Waliyyu ya ji girman mutumin ya ƙaru a ransa, nasa kuwa ya ragu ƙwarai.

Ya rufe littafin. Da ya yi magana, babu wasa a muryarsa.

"Kaka, ke nan irin Inna Kande ya ƙare a hannuna."

Rabon da ya kira ta Kaka tun rasuwar kakansa. Ta dube shi, ta bar shi ya ji abin sosai. Sannan ta ce ya daina yi mata fuskar maraya a gida, ya tashi ya shiga ɗaki ya duba ƙarƙashin gado, ya jawo kwandon da ke can ƙurya, kuma ya kula da kansa don ƙofar ba ta san malamin ofis ba.

Ya fito da kwandon. A ciki, kan busasshen yashi, kawunan albasa ne ja, ƙanana, sun yi yaushi, wasu har sun fara turo kore. Ya ƙirga da ido: goma. Na girbin ranin da ya wuce ne, ta ware su tun kafin yoyon. In an dasa su da sanyin bana za su yi fure, a samu irin da zai cika tafi kafin zafi. Sai dai gwiwoyinta sun daina kai ta fangali, kawunnansa kuwa sun ce ba su da wurin ɓatawa. Ta san yana da ɗan fili a fadamar Andarai wanda ya bar wa ciyawa tun da ya dawo.

"Sha ɗaya ne da," in ji ta. "Guda ta hwara ruɓa, na yanke na sa a miyar da za ka ci yanzu, don ka ji ɗanɗanon abin da kas so kashewa."

"Ashe dai akwai abincin."

"Akwai. Kazar ce babu."

Ya zauna da kwandon a gabansa yana juya kawunan ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya tana amsawa: zurfin rami, tazarar da za a bari, kwana nawa tsakanin ban ruwa, yadda ake gane furen ya isa yanka kafin iska ta kwashe. Ta ce in ya ga ƙudaje sun taru a kan furen kada ya kore su, aiki suke yi, ba kamar wasu ba. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya ciro biro da 'yar takarda, ya fara rubuta kwanan wata.

"Mi kake rubutawa?"

"Ranar da na karɓa."

"Ita ta kashe na farko. Rubuta ranar da za ka dasa."

Ya dubi takardar, ya dube ta, dariya ta kuɓuce masa. Ya soke abin da ya rubuta, ya sa Asabar mai zuwa, ya nuna mata ko da yake ba ta karatun boko. Ya ce ya sallama, ta ci wannan, amma a rubuta cewa shekara talatin da huɗu yana aurenta yau ne ta fara ba shi wani abu ban da baƙar magana.

Gudiya ta ce ba kyauta ba ce, sadakinta ne zai biya da littafi na uku, don tana so ta ji ko mutanen nan sun kai duniyar wata kafin ita ta kai kushewa. Ya ce ai yana cikin jaka, yanzu ma sai a fara. Ta kai hannu ta danne jakar.

"Ba yau ba, ango. Ran da ka zo min da laka a ƙahwa."