Jirgin Kaka Ya Yi Kwalliya

Marnie Pardy ta sayar da motarta don ta yi fim guda, labarin wani tsohon jirgin kamun kifi da guguwa ta ritsa da shi a teku. Hayar jirgi ta fi ƙarfinta, sai ta ari na kakanta Selby, wanda tsatsa ta ci har ta ƙoshi. Saura fitowa ɗaya a gama ɗauka, gobe kuma masu kyamarar haya za su koma St. John's, babban birnin Newfoundland. Da sassafe ta gangaro bakin ruwa, sai ga jirgin shuɗi fes, yana ƙyalli. Tsohon kuwa yana zaune da kofin shayi, sai washe baki yake.

"Lafiya lau na kwana, 'yar fim, tunda ba ki tambaya ba."

"Tsoho, me ka yi wa jirgin nan?"

"Wanka. Abin da ke ba ki saba ba."

"Ina tsatsata?"

"Taki? Da ke aka tara? Ni da gishirin teku muka sha wahalarta tun ba a haifi uwarki ba."

"Ai don ita na ɗauki jirginka! Duk gaɓar nan babu mai muninsa, in ka cire mai shi."

"Ja'ira! Jiya a shago aka ce min har Toronto za a nuna shi. Ni Selby, baƙi su ga jirgina a haka? A ce ɗan Newfoundland bai san fenti ba?"

"Wato a fim jirgi ya fita da tsatsa, guguwa ta lakaɗa masa duka, ya dawo sabo dal? Wa ya fente shi, kifaye?"

"Ki ce su ne. Ba ƙarya kuke sayarwa ba? Wancan kyaftin ɗin naki mai gemun roba, ba a ma kwance igiya ba ya amayar da karin kumallonsa."

Marnie ta zauna a kan akwatin kifi.

"Kaka, ba ni da kuɗin ƙara ko yini ɗaya. In ba a ɗauka yau ba, fim ya mutu."

Tsohon ya daina dariya. Ya sosa ƙeya, ya waiga ko wani yana ji.

"Hau ki leƙa ɗaya gefen."

Ta hau ta leƙa. Tsatsa tana nan jawur, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Gefe ɗaya ka fente?"

"Kin san tsadar fenti kuwa? Wancan gefen teku yake kallo. Ita teku ta daɗe da sanin halinmu."

Ta yi dariya har da hawaye. "Tsoho, yau rowarka ta yi mini rana!"

"Kwance igiya in juya miki shi," in ji Selby, ya miƙa mata sauran shayinsa. "Amma a ƙarshen fim ɗin, ki rubuta jirgin maƙwabci ne."