Mutum-mutumin Farfesa Na-Biyar

A duk layin ba a taɓa yin mai ilimi kamar mai shagon cakulan da ke jikin kemis ba. Da bakinsa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya magana sai ya tabbatar. Ya taɓa zuwa wani kwas a waje, ya dawo da farar riga mai maɓallai layi biyu, da doguwar hula, da ma'aunin zafi wanda yake saƙalewa a aljihun gaba ko da dubiya zai je asibiti.

Kada a zalunce shi, ilimin na gaske ne. In ka shiga saya wa yaranka ɗan ƙarami, ba za ka fito ba sai ka san cewa man da ake matsewa daga 'ya'yan itacen koko ba ya daskarewa ta hanya ɗaya. Ƙwayoyinsa na iya jeruwa a tsari shida. Wani tsarin narkewa yake a hannu, wani ya yi gari-gari, wani ya yi dushi-dushi. Na biyar ne kaɗai ke ba cakulan sheƙi, ya karye da ƙara, ya jure yatsa amma ya narke a harshe.

"Mutane ma haka suke," in ji shi, yana gyara hula. "Mu 'yan tsari na biyar ba mu da yawa."

Daga nan layi ya raɗa masa Farfesa Na-Biyar. Ya sa aka rubuta a allon shago.

Sai dai masu sauraro sun fi masu saye, kuma shagon gadon matarsa ne. Da aka ji wani babban otal na neman mai kawo masa cakulan, har manajar ta yi alkawarin zuwa ta gani, matar ta yi magana a taƙaice: in otal bai ɗauka ba, tela za ta ba wa ɗakin.

Da wani ne, da sai ya jera 'yan ƙananan cakulan a faranti. Farfesa ya zauna ya yi tunanin abin da ya fi cancanta baƙin otal su fara gani in sun shigo, bai samu abin da ya wuce kansa ba. Aka yi masa mazubin roba daidai fuskarsa, har da gemu.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. A narkar da cakulan sarai, a zuba a teburin dutse, a yi ta juyawa ba tsayawa har ƙwayoyi su fara kamawa, sannan a ɗan ɗumama kaɗan don marasa kyau su narke, na biyar ya rage. Hannu yake so, da shiru. Farfesa ya ba matarsa waya ta ɗauki bidiyo saboda 'yan baya.

Ya fara juyawa da kyau. Da ya kai bayanin tsari na uku, sai ya ɗaga ƙarfen juyawar yana nuni da shi.

"Baban yara, abin nan fa ya tsaya."

"Ke dai ɗauki fuskata, ba tebur ba."

Kafin ya gama da na huɗu, gefe ya yi tauri, tsakiya na nan ruwa. Ya kwashe ya mayar kan wuta. Ana cikin ɗumamawa ya lura wata jimla ba ta fita yadda yake so ba, ya ce a sake ɗauka. Aka sake, aka kuma sakewa. Jimlar ta fita tsaf. Ma'aunin zafi yana aljihu duk tsawon lokacin, ya kuma yi kyau a hoto.

"Ba ka ce ana shafawa a bakin wuƙa a gwada ba?"

"Gwaji na masu shakka ne."

Haka ya juye shi a mazubi. Cakulan da ya samu tsari yakan ɗan tsuke ya saki mazubi da kansa. Wannan ya manne kamar ya ga ɗan'uwa, sai da aka yanka robar. Ya fito baƙi, ba laifi. Farfesa ya sa shi a kwali, ya lulluɓe da zane, ya hana kowa leƙawa, har shi kansa, don kada mamakin ranar ya ragu. A cikin kwali kuwa man bai zauna ba. Ƙwayoyin da ba su samu tsari ba suka yi ta sake wuri, suna tasowa sama a hankali.

Ranar zuwan manaja ya jera kujeru, ya gayyaci maƙwabta, ya aika aka ɗauko mahaifinsa aka zaunar a gaba da sandarsa. Ya yi jawabi a kan sheƙi, ya yi a kan ƙara. Manaja ta duba agogo. Sannan ya ja zanen.

Kai ya yi fari fat. Gemu ya yi furfura, kumatu sun yi dabbare-dabbare, wani zane mai toka-toka ya sauko daga ido zuwa haɓa.

Manaja ta matso, ta nemi izini, ta kama kunnen hagu ta karya. Ba a ji komai ba. Kunnen ya lanƙwashe, ya biyo ta, ya fara narkewa a yatsunta. Ta dubi fuskar da kyau, ta dubi Farfesa, ta sassauta murya.

"Ayya, ai ba ka faɗa min na tunawa ba ne. Kamarku ɗaya. Allah ya jiƙan tsoho." Ta ɗora kunnen a faranti. "Sai dai gaskiya ba za mu iya sa wannan a gaban baƙi ba."

Hanya biyu ce ta rage wa Farfesa: ya ce shi ne, ko ya amsa addu'a. Ya sunkuyar da kai, hular ta ɗan karkace.

"Amin, ranki ya daɗe."

Matarsa ta fita waje tana neman lambar tela. Tsohon ya gyara zama, ya nuna farantin da sanda.

"To, kai ɗan nan, tunda na rasu, miƙo min kunnena in tafi da shi gida."