Fatar Kurar Kakan Abdulkahar

"Duk ƙasar Batsari babu mai yi mini ƙarya ya kwashe lafiya," in ji Abdulkahar. "Tun daga nesa nake jiyo warinta."

Kai da ba ka san shi ba, gyara zama. Ɗalibin tarihi ne a Katsina, ya dawo gida shirin jarrabawa bakinsa cike da Normandawa, wasu mutane da suka ƙetara teku suka ci Ingila da yaƙi shekaru kusan dubu da suka wuce. A jarrabawar za a ba shi labarin yaƙin daga bakin masu nasara da kuma bakin waɗanda aka ci, a ce ya gwada su ya tace gaskiya. Tun da ya koyi dabarar nan, ko Sammani mai shayi ya ce madara ta ƙare, sai ya nemi shaida.

Abu ɗaya ne bai taɓa tuhuma ba: cewa kakansa, marigayi Maude, ya kashe kura da mashi a dajin Tsaskiya. Har a bayan babur ɗinsa ya sa aka rubuta Jikan Kashe-Kura.

Ran nan Sammani ya ce, "Malam Normandi, ita kurar taku wa ya gani? In babu shaida, a goge rubutun nan."

"Gobe bayan la'asar ku zo ku ga ilimi," in ji gogan naka.

Washegari ya ɗauko Hamma, tsohon makiyayi aminin Maude, daga Tsaskiya. Ya zaunar da shi a tabarma ɗaya da kakarsa Hadijatu a ƙofar gida, 'yan teburin shayi suka kewaye su.

"Da farko akan tambayi majiya ko ganau ce," ya ce yana kaɗa biro. "Kaka, kina wurin?"

"Mai gidana marar cefane, me zai kai ni daji? Ina gida ina daka. Kakanka ne ya ba ni labari."

Abdulkahar ya yi tari. "To, jiyau ce. Baffa, kai fa?"

"Ganau kam," in ji Hamma. "Magariba ta gabato, wani abu ya motsa a cikin sabara. Kafin in waiga Maude yana ƙolin tsamiya. Daga can ya jefo mashin, Allah ya ba shi sa'a. Jakina ne."

Dariya ta tashi. Abdulkahar ya ɗaga hannu. "Ku natsu. Wanda aka ci da yaƙi ba ya yabon wanda ya ci shi. Baffa, akwai ƙiyayya tsakaninku, ko?"

"Ni na wanke gawarsa, ɗana."

Abdulkahar ya sake kaɗa biro. "To, a duba inda majiyoyi suka haɗu, nan gaskiya take. Kaka, a wane hali ya dawo?"

"Ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, wando a yage."

"Alamar gumurzu ke nan."

"Reshe ne ya riƙe wandon," in ji Hamma. "Ni na sauko da shi."

Mai hankali da nan ya ce a tashi a yi alwala. Amma gogan naka ya tuna malaminsu ya ce abin da ido ya gani ya fi wanda kunne ya ji. Ya faɗa ɗakin kakarsa ya fito da wata tsohuwar fata, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa a gaban jama'a.

"Wannan fatar jaki ce?"

Aka leƙa. Ga ɗigo-ɗigo, ga farce. Kura ce, babu ko tantama. Abdulkahar ya gyara hula, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi shiru a nan, da yanzu wani labarin nake ba ka. Sai dai dabara ta ce a bi asalin kowace shaida, shi kuwa ba ya barin dabara a rabi.

"Saura cikamaki. Kaka, gaya musu yadda fatar nan ta shigo gidan nan."

"Ranar kasuwar Batsari ce. Da kazata mai kwanci ya musanyo ta a wurin wani maharbi. Har ya koma ga Allah bai mayar mini da ita ba."

Sai da Hamma ya riƙe ciki don dariya, Sammani kuwa ya zame daga benci.

"Kaka," in ji Abdulkahar da ƙaramar murya, "me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

"Ka taɓa tambaya? Shi sarkin Normandawan naka ya fi ka wayo, angona. Bai tara shaidunsa a tabarma ɗaya ba."

An ce ya ci jarrabawar, Allah ya sa alheri. Rubutun babur ma bai sha wahalar gogewa ba, Sammani ya ɗauke masa nauyi. Kalma ɗaya kawai ya canza. In ka je Batsari ka ga Jikan Kashe-Jaki ya wuce, ka gaishe shi, amma kada ka nemi shaida.