Yadda Na Sake Wa Mijin Inna Hajo Fuska

Da aka kawo ordinater, wato kwamfuta, ta farko ofishinmu a asibitin mishan, ni kaɗai Baturen mishan ɗin ya koya wa gyaran hoto. Har burushi na haɗa wa kaina a ciki, mai goge tabo ya bar launin fata sumul. Daga nan ko gaisuwa da kai nake amsawa.

Sai ga Inna Hajo daga Azarori da hoton marigayi mijinta, guda ɗaya tak, duk ya kakkarce a ƙasan akwati. So take a wanke shi babba, jikoki su san kakansu.

Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, kin zo hannun gwani."

Na jawo kuncin mutumin har ya cika gilashin ordinater, na bi layi-layi ina sharewa. Na lura layukan a jere suke ƙwarai, amma sai na dinga tsine wa akwatin. Na fitar da hoton, na miƙa mata a gaban ma'aikata.

Ta daɗe tana dubawa.

"Ɗana, wanga wane na?"

"Baba ne, Inna."

"Malam Bagobiri na, zanenai har kunne! Wanga mai santsin kumatu ban san shi ba. So kake jikoki su ce na yi wani aure a ɓoye?"

Faston asibitin, da ke tsaye cikin ma'aikatan, ya yi dariya har da dafa bango.

Har yau in na shiga kasuwar Madawa, sai in ji Gobirawa na kiran juna: "A rufe kumatu, ga wanzamin Bature nan tafe!"