Alkakin da Aka Fasa da Taɓarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar ƙanwata Hadiza garin Gabi ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ji ƙamshin sukari a wuta sai gabana ya faɗi.

Mahaifiyarmu ta rasu tun Hadiza na ƙarama, don haka da aurenta ya tashi, ni ce yaya ni ce uwa. Na san mata sun zuba ido su ga yadda za a fitar da marainiya, ni kuma na rantse ba za ta shiga gidan miji kai a sunkuye ba. A unguwarmu nan Madarumfa, alkakin gara aikin Baba Tabawa ne, tsohuwar da ta yi wa iyayenmu nasu. Ni kuwa a lokacin na cika salulata da bidiyon girke-girke: gato wato kek, salati kala-kala, har da wasu miya da ko sunansu ban iya faɗa ba. (Ban taɓa dafa ko ɗaya ba. Kallo kawai nake, amma a raina na gama zama gwana.)

Tsohuwar ta tako har gida ta ce, "Ɗiyata, yaushe za mu jiƙa alkamar?" Na ce, "Baba, ki huta abinki, wannan karon ni za ni yi." Ta dube ni, ta dubi salular da ke hannuna, ta ce, "To, Allah shi taimaka. Kada dai ki mance da tsamiya cikin sukarin." Na amsa da to, a zuciyata kuwa ina cewa me ya haɗa abin zaƙi da tsami, ai wannan tsohon yayi ne.

Tsakani da Allah suyar ta yi kyau. Alkaki ya fito jawur, kowane ɗaya a murɗe tsaf. A wajen sukari ne na kashe kaina. Na bar shi yana ta dahuwa har ya yi kauri, don dangin ango su san ba mu da rowa. Maimakon in tsoma alkakin in tsame, sai na jera shi a babbar kwalla, na juye masa sukarin duka da zafinsa, na rufe, na ɗaure da sabon zane. Kayan gara kuma in an ɗaure, ba mai buɗewa sai dangin ango.

Washegari muka isa Gabi, tsakar gida cike da mata. Gwaggon ango ce mai buɗe kaya. An duba nakiya, an duba dubulan da maƙwabta suka taimaka da shi, ana ta sa albarka. Da aka zo kan kwallata, sai da na gyara zama na ce da ƙarfi, "Wannan da hannuna na yi shi." (Ba wanda ya tambaye ni. Wallahi ba wanda ya tambaye ni.)

Gwaggo ta sa hannu ta kama alkaki ɗaya ta ja. Sai kwallar gaba ɗaya ta biyo hannunta.

Ta ce, "Ikon Allah! Wanga mi ne ne? Siminti kunka kawo muna?"

Ashe tsamiyar nan ita ke hana sukari daskarewa. Aka kawo wuƙa, ta lanƙwashe. Aka kifa kwallar a kan tabarma ana bubbuga bayanta, sai ga abu ya faɗo dunƙule guda, yana ƙyalli, da siffar kwallar sak. Ƙarshe dai taɓarya aka ɗauko. Kowane bugu a ƙirjina yake sauka, mata kuwa har da masu riƙe ciki.

Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Amma gara sai an raba wa kowane gida na dangi da maƙwabta. Ina zaune ina kallo aka zuba ɓaraguzan a faranti-faranti, aka fita da abin kunyata ƙofa-ƙofa.

Na shiga ɗakin amarya. Hadiza ta ji komai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sanyi. Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Yaya, ke gobe gida za ki koma. Ni nan zan zauna da su." Har yau a Gabi in ana kwatancen gidanta, "gidan amarya mai siminti" ake cewa, sunan da ni na saya mata.

Bara ta haihu. Ta aiko mini saƙon murya, bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, ki zo suna da wuri. Amma don girman Allah, ki zo hannu rabbana."

Haka na je, na wuni ina wanke kwanoni. A bakin magudanar da nake wanke-wanken na gane cewa abin da ido ya kalla sau ɗari, hannu bai san shi ba ko sau ɗaya. In kuma lallai sai ka koyi girki, to ka koya ranar da cikinka kaɗai zai sha wahalar.