Kakana Muhammadu Hausawi

Da furfurata na koyi karatu, saboda haka ba mai gaya mini komai. Na zauna kan tsofaffin takardun aure na limamin unguwar Nuzla a nan Jidda ina neman kakana, wanda ya zo hajji a ƙafa ya ɓace wa dangi. Nan da nan na gan shi: Muhammadu Hausawi. Halas, magana ta ƙare! Na nemo jikokinsa, na yanka rago, na rungume su ina kuka.

Sai da suka suɗe ƙashi dattijuwarsu ta ce, "'Yar nan, ai rabin mazan Jidda haka aka rubuta su. Namu Bazazzagi ne." Nawa kuwa Bakatsine.

Har yau in aka kwana biyu ba nama, sai maigidana ya ce, "Hajiya, yalla, maza duba mana wani kakan."