Rasor ɗin Mushe Alfari

Gaya ta yi manyan mutane a ƙarshen zamanin Nasara, tun ba a ɗora gada a kan Kwara ba, lokacin da jirgin fito ke kai mutum Dahome. Amma wanda duk ya lissafa su bai fara da Mushe Alfari ba (mushe shi ne malam a bakin Faransawa), bai san gari ba. Shi ne mai awo na duwan, wato kwastan. Huhun goro, gishiri, shinkafar Tunuga, babu abin da ke ƙetare iyaka sai ya hau ma'auninsa. A wannan aiki ya samo ilimi guda ɗaya wanda ya ishe shi zaman duniya: abin da ya fi nauyi shi ya fi daraja. Da shi yake auna goro, da shi yake auna mutane. Shi kansa kuwa, alhamdu lillahi, ma'auni bai taɓa raina shi ba. Fatake na ce masa Kilo Dubu a bayan ido. Da maganar ta kai kunnensa sai ya ɗauka kirari ne.

Abu ɗaya ya rage masa, fistole, ƙaramar bindiga, a ƙugu. Ma'aikaci baƙar fata ba ya rataya ta sai da iznin Kumandan, kuma a Gaya babu wanda ya samu. Sai wata shekara aka yi shela cewa ranar bikin katoz zuye, sallar Faransa ta sha huɗu ga Yuli, za a yi gasar harbi tsakanin ma'aikata, wanda ya ci a ba shi izni. Kowa ya shiga aka ara masa bindiga daga bariki, ya je ya goge ta ya saba da ita.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan bindiga ba, a ƙarƙashin bututunta akwai murɗaɗɗen ƙarfe da ake kira rasor, yana zagaye da siririyar sanda. Kafin harbin farko sai an ja murfin bindiga baya da hannu, rasor ya maido shi da harsashi. In rasor ya cika laushi, bindiga ta yi ta dukan kanta. In ya cika tauri, murfi ya ƙi ja.

Mushe Alfari ya zare nasa, ya ɗora a ma'auni, allura ko motsi ba ta yi ba. Ya aika aka karɓo na Auta, wani gardi-sarki, wato dogarin Kumandan, siriri kamar sillen kara, ya jera su. Iri ɗaya, babu bambancin ko gashi.

"Wala," in ji shi da Faransanci ga fataken da ke jiran a auna musu goro. "Kun ga inda Faransa ta yi mantuwa. Rasor gwargwadon mutum. Yaya za a yi ni da Auta mu ɗauki nauyi ɗaya? Ni zan gyara musu, ba kuma zan kai ƙara Yamai ba, don ni ba mai tona asiri ba ne."

Fatake suka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, don goronsu na bushewa.

Daga ranar aikin duwan ya tsaya. Aka tattaro masa rasor daga ko'ina: na gadon ƙarfe, na keken ɗinki, na laima, har wani da aka kawo daga kasuwar Kamba. Wannan ya ƙi ko taɓawa, ya ce ƙarfen Ingilishi ba ya jin umarni da Faransanci. Sauran ya riƙa ɗora musu dutsen awo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lanƙwashe, ya ce talaka ne, a jefar. A ƙarshe ya samu na wata matacciyar mota a tasha, wanda ya hau kansa da ƙafa ɗaya bai rusuna ba. Ya dube shi da ƙauna irin ta ɗan'uwa.

Maƙeri ya yi ta guga har rasor ya shiga da kyar. Sandar baƙin ƙarfe ma aka cire ta, aka zuba ta tagulla mai kauri, aka zana mata suna da manyan baƙaƙe: ALFARI, DUWAN.

Ana gobe biki matarsa Bibata ta kawo masa tuwo ta tarar yana shafa bindiga da man shanu.

"Malam, ka dai gwada ta ko?"

"Gwaji na mai shakka ne, Bibata. Ki sa a wanke mini farin kaki."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a wuyan babban mutum sai a ce abin wuya.

Ranar biki aka kafa rumfa a bayan bariki, Kumandan da madam suka zauna a inuwa, gari ya cika fili. Ma'aikata suka yi ta harbi, allo yana tsaye lafiya lau, sai Auta ne ya ɗan ɓantare masa gefe, shi ma ido rufe. Sannan aka kira Mushe Alfari. Ya fito da maroƙinsa a baya, ya ɗaga bindiga sama.

"Mushe Kumandan, madam, jama'ar Gaya. Abin da kuka ji ɗazu tari ne. Yanzu za ku ji harbi."

Ya kama murfi ya ja. Murfi bai san da shi ba. Ya goge hannu a farin kaki ya sake ja. Ya dafe bindiga a tumbi, ya cije, jijiyoyin wuya suka tashi. Ya matse ta tsakanin gwiwoyi yana juyi, bakinta na bin jama'a, duk inda ya nufa mutane na zubewa ƙasa kamar gero a gaban iska. Maroƙi ya ci gaba da kirari daga kwance.

"Ɗan gyara ne," in ji Mushe Alfari, yana haki. "Masana sun san wannan."

Ya zare ƙusar da ke riƙe da murfi. Rasor da ya yi kwanaki a matse ya samu ƴanci. Murfi ya yi gabas, rasor ya yi sama, har yau ba a san inda ya sauka ba. Sandar tagulla kuwa ta miƙe sak cikin rumfa, ta fasa tambulan a hannun Kumandan, ta kwanta a cinyarsa. Kumandan ya ɗauke ta, ya juya ta a hankali, ya karanta. Bai buƙaci ya tambayi ta wane ce ba.

Auta aka ba izni. Sannan Kumandan ya yi magana gajeruwa, tafinta ya fassara: tunda Mushe Alfari na son ƙarafa haka, daga yau duk ranar da aka yi harbi a bariki, shi zai tsince kwanson harsashi ya auna.

Kafin la'asar Mushe Alfari ya gama bayyana wa fatake cewa ƙarin girma ne, kuma daga yanzu sunansa Babban Mai Duba Kwanso na Ƙasar Dandi. Ya riƙe muƙamin da aminci har Nasara suka tafi. Bai taɓa harba ko harsashi ɗaya ba. Amma duk ranar da Auta ya zo gwada fistolensa, za ka ga Kilo Dubu a bayansa, a durƙushe, yana jiran abin da zai faɗo.